Sunan da Aka Daka da Gishiri

Hindatu ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a Maijirgi, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Sai dai ita nata ya yi yawa, har mata ƴan uwanta suna yi mata tsiya a bakin rijiya. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan uban mijinta aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Tun ranar suna, can wani ƙauye a ƙasar Mayahi inda ta yi auren fari, wata gwaggo ta laƙaba masa Maikuɗi, laƙabin kuwa ya bi shi. Uban ya rasu yaron bai yi wayo ba, Hindatu ta dawo gida da shi a goye, ta sake aure ta haifi Mansura. Lakwal, makarantar boko, ta rubuta Maikuɗi, takardun gwamnati suka rubuta Maikuɗi. Sunan yanka ya tsaya can a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma ƙasa ta yi ta ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Shi kansa sai da ya zama saurayi ya je gaida dangin ubansa, wani baffa da ido ya riga ya tafi ya shafa kansa ya faɗa masa.

Kai, ko laƙabin ma ba ta faɗi. “Wancan” take cewa, ko “yayanki” in da Mansura take magana. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yabonsa gaban mutane, in ya yi tafiya ba ta tambayar yaushe zai dawo. Amma ranar da ta san zai zo, ai tun hantsi za ka ga an ware ƙuli-ƙuli mafi kyau an rufe da faifai, kuma kaiton wanda ya taɓa.

Shi kuwa Allah ya yi shi da tsokana. Yana aiki da wata ƙungiyar manoma a Tasawa, yana yawon ƙauyuka bisa moto, babur ɗinsa, daga Hawandawaki har iyakar Mayahi, yana ɗaukar hoton gonaki da wayar salula, yana naɗar koken manoma a kan tsutsar gero da ƙarancin iri. In ya biyo ta gida sai ya jingine moto a gindin itacen bedi, ya tsuguna nesa da inda take tuyar gyaɗa, ya ce wai shi ya manta sunansa a hanya, ko Inna za ta tuna masa. Ita kuma ta ce ya je ya tambayi motonsa, ba ta ko ɗaga kai. Sai ya fashe da dariyar nan tasa mai kama da ta wanda ya ƙware da ruwa, har kaji su watse.

Wata rana, damina ta yi nisa, ya zo da sabuwar tsokana.

“Inna, na sa ma ɗakina na ajiya da ke cikin injin biro, can ofishinmu, makulli. Kalma guda ce. Duk ƙasar Tasawa mutum biyu suka san ta, ni da ke. Ke kuwa na san ba ki faɗi, to ɓarawo ya huta.”

Ta ɗaga masa muciya, ya gudu yana dariya. Ba ta sake tuna maganar ba.

Da kaka ta kama, idanunsa suka yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka yi jiƙe-jiƙe, abu ya ƙi. Abokan aikinsa suka kai shi Maradi, Mansura ta bi shi jinya. Duk wanda ya dawo daga dubiya da saƙo ɗaya yake zuwa, wai Maikuɗi yana tambayar Inna. Hindatu ta ce sai an gama cirar gyaɗa. Ta aika fura, ta aika man gyaɗa, ta aika rubutu a gora. Gaskiyar magana ba gyaɗa ta riƙe ta ba. Tsoro take ji ta shiga ɗakin da ke cike da mutane ta gan shi kwance, hawaye su kubce mata a kan ɗan fari, a dawo Maijirgi ana ba da labari. Ta yi ta cewa jibi, jibin kuma ya yi ta matsawa. Ranar da ta ɗaure kayanta a ƙarshe, motar da za ta shiga ita ce ta sauke mai kawo labari. A Maradi aka rufe shi, ko fuskarsa ba ta gani ba.

Zaman makoki ba ta yi kuka ba. Mata suka yi ta yabon haƙurinta, suna cewa ga mace mai kunya irin ta da. Wallahi kowane yabo kamar an watsa mata tafasasshen mai take jin sa.

Bayan ƴan gaisuwa sun watse, wani abu ya fara damunta wanda ba ta iya gaya wa kowa ba. Muryarsa ta fara ɓace mata. Tana tuna abin da ya faɗa, kalma bayan kalma, amma sautin ya ƙi zuwa. In ta nemi dariyar sai ta ji ta wani daban, ta mai sayar da kalanzir ko ta ɗan maƙwabta. Ta tsorata ƙwarai. Ba ta da hotonsa, don duk lokacin da ya kawo mata cewa take mi za ta yi da shi.

Mansura ce ta lura uwarta na tsayawa da taɓarya a hannu tana saurare kamar mai jiran sallama. Sai ta faɗa mata abin da ta riƙe. Ana saura kaɗan ya cika, ya ce ta fita ta ba shi wuri, ya daɗe yana magana cikin salula shi kaɗai. Da ta dawo ya ce ya tura saƙon ɗakinsa na injin biro, na Inna ne, in ta so ji ta san hanya. Salular kuwa an goge ta an sayar aka sayi maganin ƙarshe. Saƙon yana wuri ɗaya tak a duniya.

Hindatu ta tuna muciyar nan da ta ɗaga. Ta gane hanyar da yake nufi, amma ta ce wa kanta ai masu biro su ke da injinsu, za su buɗe mata ba sai an kai ga haka ba.

Ranar kasuwar Tasawa suka shiga motar ƴan kasuwa, ita da Mansura, tsakanin buhunan wake da wani rago mai ƙorafi. Biron ƙungiyar ɗaki biyu ne a bayan tasha, da panka mai kuka a sama. Gazali, abokin Maikuɗi da suke yawon ƙauyuka tare, shi ya tarbe su. Ya durƙusa har ƙasa ya yi mata gaisuwa, sannan ya kai su wurin Moctar, wani dogon saurayi mai tabarau da ke kula da ordinatar, wato injin nan. Ta ƙi kujera, aka shimfiɗa mata tabarma. Bayan an gama gaisuwa da addu’a ta faɗi abin da ya kawo ta a taƙaice: yaron nan ya bar mata magana a cikin injinsu, a buɗe ta ji ta koma, rana na yi.

Moctar ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce ba shi da kalmar makullin.

Ta ce to ya duba inda ake ajiye su.

Ya ce ba a ajiye su. Ya sauko daga kujera ya tsuguna kusa da tabarmar, ya yi mata bayani a hankali, ba Faransanci ko ɗaya, abin da ya sa ta ɗan ga girmansa. Ya ce ranar da mutum ya zaɓi kod ɗinsa, wato kalmar makulli, inji yakan ƙago wasu baƙaƙe barkatai, na wannan mutum shi kaɗai, waɗanda masu aikin suke kira gishiri. Sai ya haɗa kalmar da gishirin ya dake su tare, daka mai kyau. Abin da ya fito shi ake ajiyewa, da gishirin a gefensa. Kalmar kuwa a yar da ita nan take. In mutum ya dawo ya kawo kalma, sai a ɗauko gishirinsa a sake dakawa da ita, a gwada da na ajiye. In sun zo ɗaya ƙofa ta buɗe, in ba su zo ɗaya ba shi ke nan.

Ya juyo da fuskar ordinatar ya nuna mata layin Maikuɗi. Ita ba ta yi boko ba, amma Mansura ta duba ta ce ba ya karantuwa, tarkacen baƙaƙe ne da lambobi. Hindatu ta fahimta tun kafin a gama. Mace ce da ta tsufa a bakin turmi, ta san ba a duba tunkuza a ciro ƙwayar gyaɗar da aka fara da ita.

Gazali bai haƙura ba. Ya ce ai ma’aikatan nan duk kansu ɗaya, daga mai sa sunan ɗiyarsa sai mai sa sunan garinsu. A duba cikin sauran layukan mana, in an ga wanda nasa ya yi kama da na marigayi sai a kira shi a tambaye shi mi ya sa. Moctar ya girgiza kai. Ya ce a da, kafin gishiri, haka abin yake, kalma ɗaya layi ɗaya take bayarwa ko a hannun wa. Har akwai mutanen banza da suka zauna suka dake duk sunayen duniya suka tara, da sun sami layinka sai su duba cikin tarinsu su ga naka. Shekarun baya an fasa wannan biron an ɗauke ordinatar, cikin yini ɗaya aka shiga ɗakunan rabin ma’aikata, da lambobin manoma da komi. Tun daga nan ya sake ginin. Don Gazali ya gani da idonsa, ya buɗe ɗakunan gwaji biyu, ya sa wa kowanne kalmar “gero”. Layuka biyu suka fito, ko baƙi ɗaya ba su haɗa ba. Gishirin kowa daban, in ji shi, ko da duk Tasawa kalmar Maikuɗi suka sa ba za a gane ba.

Mansura ta tambaya ko ba a iya sa sabon kod, kamar yadda ake yi wa wanda ya manta. Ya ce ana iyawa, amma abin da ke cikin ɗakin da tsohuwar kalmar aka ƙulle shi, ita da gishirinta. Sabon kod ɗaki wayam zai buɗe.

Nan fa ran Hindatu ya ɓaci. Ta ji haushin wannan dogon yaro da tabaransa da lallausar muryarsa, haushi na gaske.

“Wane irin magini ne kai, ka gina ɗaki ka ce ba ka da hanyar shiga? Ɗana ne. Maganata ce a ciki.”

Ita kanta sai da ta ji kalmar ta fito ta lura. Ɗana. Mansura ta sunkuyar da kai.

“Inna, da zan iya buɗe maki, da zan iya buɗe ma kowa,” in ji Moctar. “Marigayi ma ya sani. Tare muka zauna da shi ranar da aka yi gyaran.”

Idanunsa sun yi ja, sai ta tuna ashe shi ma abokinsa ya rasa. Haushin ya sauka ya bar ta da gajiya.

Gazali ya ce ba su zauna haka nan ba. Tun da Mansura ta yi masa waya suke gwadawa. Sun sa Hindatu, sun sa Mansura, sun sa Maijirgi da Maikuɗi, lambar motonsa, sunan ƙungiyar ƙwallon da yake so, har sunan wata malamar lakwal da ya taɓa cewa tana da kirki. Duk inji ya ce a’a. Yana faɗi yana ƙirgawa da yatsu, ita kuwa tana jin kowane suna yana wucewa ta gefen wanda ke zaune a ƙirjinta.

Mansura ta matso ta ce a hankali, ai Yaya ya ce Inna ta san hanya. Hindatu ta ja mayafi ta rufe baki. Gazali da Moctar suka dubi juna, ƴaƴan Hausawa ne, suka gane inda maganar ta dosa. Moctar ya ce ba sai ta faɗa ba. In suna ne mai nauyi a bakinta ta kwatanta kawai, su za su cinka, haka iyayensu ma suke yi.

Ta ji sanyi a ranta. Ga hanya an ba ta, hanyar da ta saba bi duk rayuwarta. Ta gyara mayafi ta fara. Ta ce akwai wata ƙofa ta Aljanna, wadda aka ce masu azumi ne kaɗai za su shiga ta cikinta. Gazali ya yi allo kafin boko, nan da nan fuskarsa ta washe, ya buɗe baki.

Ta ɗaga masa hannu.

“Kada ka faɗa.”

A zuci ta hango Maikuɗi tsugune a gindin bedi, ƙura a gashin ido, yana cewa ya manta sunansa a hanya. Shekara da shekaru yana roƙon abu ɗaya cikin wasa, ita kuma tana tura shi wurin moto. Ko yanzu ma da yake ƙarƙashin ƙasar Maradi, wani za ta sa ya faɗa mata? Kunya ta kama ta, ba irin wadda mata suke yabo ba.

Sau ɗaya ta taɓa jin sunan a kan yaron, daga bayan zana, ranar da liman ya yi shela tana ɗaki da jego.

“Rayyanu,” ta ce.

Bai fito da kyau ba, sai ta sake, da ƙarfi. “Rayyanu.”

Moctar ya koma kujera ya buga. Injin ya ɗan tsaya, don da gangan aka sa dakan ya yi nauyi saboda masu cinke. Sannan ƙofa ta buɗe. Hotunan gonaki ne birjik, gero da dawa da tsofaffi riƙe da zangarniya, a can sama kuma saƙon murya guda ɗaya. Gazali ya tashi zai fita, ta ce ya zauna.

Da farko numfashi aka ji, da ƙarar wani abu na ƙarfe daga nesa. Sai murya. Ta shaƙe, ta yi siriri, amma tasa ce, kuma nan take duk sauran muryoyin da suka cika mata kai suka kauce.

“To, Inna. Kin faɗa ke nan.”

Ya yi dariyar, ta koma tari, ya daɗe kafin ya dawo. Ya gaida ta da aiki, ya tambayi gyaɗa. Ya ce fura ta iso, ya sha, har ya sam ma na gadon kusa. Ya ce a ba Gazali moto ya sayar a gyara mata rufin ɗaki kafin damina, kuma kada a matsa wa Mansura a kan maganar aure sai ta ga wanda take so. Ya ce bai yi fushi ba da ba ta zo ba, ya san ta, kuma ya ga faifan da ake rufe masa ƙuli-ƙuli da shi tun yana yaro, ba makaho ba ne. Sun zaci ya ƙare, sai muryar ta dawo.

“Ni dai na so in ji da kunnena, ko sau guda. Amma ba komi. Kuma kada ki damu, injin Moctar ba ya riƙe shi. Yana dakawa ya yar. Ba wanda zai ce kin faɗa.”

Hindatu ta yi kukan da ba ta yi a Maijirgi ba. Ta yi shi da murya, a gaban samari biyu da ba ta haifa ba, a biron da ke bayan tasha, har wani mai shayi ya leƙo ya koma. Mansura ta riƙe ta, ita ma tana yi. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri, kuma ta gode masu da hakan.

Da ta natsa ta wanke fuska da ruwan buta, sai ta tambayi Moctar ko gaskiya yaron ya faɗa, cewa injin bai riƙe ba. Ya ce gaskiya ne. Ya karɓa, ya daka da gishirin, ya ga sun zo ɗaya, ya yar. Babu inda aka rubuta, babu inda aka naɗa. Ya faɗa ne don hankalinta ya kwanta, amma sai ya ga ta runtse ido. Ashe ta faɗa, wanda ya so ji ba ya nan, abin da ta faɗa wa kuma bai ajiye ba.

Moctar ya ce zai kwafe saƙon a ɗan katin salula, Mansura ta riƙa kunna mata a gida duk lokacin da ta so. Ɗakin kuma sai a rufe shi gaba ɗaya, ba sai ta sake shan wannan wahala ba.

Ta ce ya ba Mansura katin, ita ma yayanta ne. Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango, ta naɗe tabarmar da kanta duk da Gazali na cewa ta bari. A bakin ƙofa ta tsaya.

“Ɗakin kuwa ka bar shi yadda ya bar shi, da makullinsa. Ina zuwa kasuwa. In na zo zan biyo in faɗa, ka buga.”

Moctar ya ce to, Inna.

Suka fita cikin rana. Motar Maijirgi ba ta cika ba tukuna, suka zauna a inuwar wani shago suna jira. Wata mata da ke gefe da kwandon kuka ta ga idanun Hindatu, ta tambaya ko rasuwa aka yi mata. Hindatu ta ce e, ɗanta ne, na fari. Matar ta yi addu’a, ba ta tambayi suna ba, don ta san ba a tambaya. Hindatu ta faɗa mata.